Waƙar Sujada a Kan Mizanin Littafi Mai Tsarki

Lacca ga taron fastoci, malaman Littafi Mai Tsarki da shugabannin mawaƙa



Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta ita ce, ta yaya za a gane ko baitocin wata waƙar sujada sun dace da koyarwar Littafi Mai Tsarki ko kuwa sun kauce mata. Akwai waɗanda da jin wannan tambaya za su ce a ransu ai neman magana ne kawai, tun da yake wanda ya tsara waƙar mai bi ne, masu rera ta masu bi ne, sunan Yesu kuma yana cikinta tun daga farko har ƙarshe. Ina roƙon su yi mini haƙuri su bi ni a sannu, gama niyyata ita ce in nuna cewa auna waƙa tsohon aiki ne wanda magabatan ikkilisiya ba su yi wasa da shi ba, sa'an nan in kawo wata muhawara da aka yi a ƙasar Amurka a shekara ta 2013 a kan layi ɗaya tak na wata waƙa, mu dube ta dalla-dalla, domin mu ciro daga cikinta ƙa'idojin da za su amfane mu a majami'unmu.

Abin da ya wajabta awo

Idan baƙon mai wa'azi ya zo wata majami'a tamu yana neman a ba shi mumbari, ba a yarda masa sai an tambayi inda ya fito, da makarantar da ya yi, da wanda ya naɗa shi, har wani lokaci a nemi takarda daga ikkilisiyarsa. In ya hau kuma, dattawa suna zaune da Littafi a buɗe bisa cinyoyinsu suna bin ayoyin da yake jawowa. Amma ita waƙa ba ta nan take shiga ba. Ranar koyon waƙa da yamma wani saurayi zai zo da ita a cikin wayarsa, ya ce ya ji ta a YouTube ko wani ya turo masa, a kunna, mai jita ya lalubo muryar, mai ganga ya kama, 'yan mata su ɗauki amshi, a yi ta maimaitawa har ta zauna, ran Lahadi sai ga ta a bakin jama'a duka, alhali babu wanda ya rubuta kalmominta a takarda ya karanta su ba tare da kiɗa ba. Wa'azin nan da aka yi ta tsantseni a kansa, kafin wata Lahadin ta zagayo yawancin masu sauraro sun manta da shi. Waƙar da ba a tambaye ta kome ba kuwa, ita ce za ta bi mace zuwa rijiya, ta bi manomi gona, ta shiga bakin yaron da bai isa sawa a makaranta ba, ita ce kuma tsoho zai riƙa motsa leɓe da ita a kan gadon ajali sa'ad da sauran karatu duk ya kuɓuce masa.

Mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin wannan sirri. Shi ya sa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ɗiyarsa Nana Asma'u suka zuba wa'azi da hukunce-hukuncen addininsu a cikin waƙa, har Nana ta riƙa aika mata malamai da ake kira jaji zuwa ƙauyuka, su koya wa mata 'yan'uwansu ilimi ta hanyar baitocin da suka haddace. Littafi Mai Tsarki kuwa tun farko haka ya ɗauki waƙa. A cikin Maimaitawar Shari'a sura ta 31, Ubangiji ya umarci Musa ya rubuta waƙa ya koya wa Isra'ilawa, ya kuma faɗi dalili, watau domin ba za ta ɓace daga bakin zuriyarsu ba, za ta zama shaida a kansu ranar da suka juya baya. Manzo Bulus a wasiƙarsa ga Kolosiyawa, sura ta 3 aya ta 16, ya haɗa waƙa da koyarwa da gargaɗi a aya guda, ya kuma gabatar musu da sharaɗi, cewa maganar Almasihu ta zauna a cikinsu a yalwace tukuna. A wasiƙa ta fari ga Korantiyawa, sura ta 14, ya ce zai raira waƙa da ruhunsa, zai raira da hankalinsa kuma. To, idan mutanen Biriya sun sami yabo a cikin Ayyukan Manzanni sura ta 17 saboda sun riƙa bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da manzo da kansa yake faɗa musu gaskiya ne, ina hujjar da za ta sa a keɓe waƙar wani bawan Allah na zamaninmu a ce ita ta fi ƙarfin bincike?

Yadda magabata suka yi

A farkon ƙarni na huɗu wani limami na birnin Iskandariya a Masar, mai suna Ariyus, ya taso da koyarwa cewa Ɗan halitta ne, yana da mafari, akwai lokacin da babu shi. Masu tarihin ikkilisiya sun rawaito cewa bai tsaya ga muhawara da malamai ba, sai da ya tsara waƙoƙi domin matuƙan jiragen ruwa da masu niƙa da matafiya, ya sa musu muryoyi masu daɗin ji, har aƙidarsa ta bazu a tashoshi da kasuwanni. Sai da aka tara shugabannin ikkilisiya a Nikiya a shekara ta 325 kafin aka yanke hukunci a kan wannan bidi'a, ba ta kuwa mutu nan da nan ba. A birnin Edessa, wanda yau ake kira Urfa a ƙasar Turkiyya, waƙoƙin wani malami mai suna Bardaisan sun ci gaba da yawo a bakin jama'a fiye da shekara ɗari bayan mutuwarsa, suna ɗauke da ra'ayoyin da ikkilisiya ba ta yarda da su ba. Ifraimu mutumin Suriya, wanda ya rasu a 373, da ya ga haka sai ya tsara nasa waƙoƙin masu ingantacciyar aƙida, an kuma rawaito cewa ƙungiyoyin mata ya koya wa su rera su a cikin sujada. Saboda haka iyayenmu na ƙungiyar Zumuntar Mata, da tukwanenku na kiɗa da cakinku, ku san cewa aikin da kuke yi yana da asali mai nisa, nauyin da ke kanku kuma nauyin malanta ne.

Wasu magabatan tsoro ya kai su ga rufe ƙofa gaba ɗaya. Majalisar Lawudikiya, wajen shekara ta 363, ta hana a shigo da zaburar da wani mutum ya ƙaga da kansa cikin sujada. Agustin, babban malamin nan na Afirka ta Arewa, ya rubuta cewa duk lokacin da daɗin murya ya fi motsa shi a kan ma'anar abin da ake rerawa, yana lissafta wannan a matsayin laifi a kansa. A zamanin gyaran ikkilisiya a Turai, Martin Luta ya tsara sababbin waƙoƙi da Jamusanci, littafin farko ya fito a 1524, amma takwaransa Kalbin a birnin Janiba ya fi natsuwa da Zabura, har aka kammala mayar da dukan 150 ɗinsu zuwa baitoci a 1562, hujjarsa kuwa ita ce babu kalmomin da suka cancanci a yabi Allah da su kamar waɗanda shi kansa ya bayar. A Ingila an daɗe a kan wannan mazhaba kafin Ishaku Watts ya fitar da littafinsa a 1707, ya buɗe hanyar da Charles Wesley da sauransu suka bi. Duk da haka, sa'ad da John Wesley ya tattara babban littafin waƙoƙin jama'arsa a 1780, bai ji nauyin ƙanensa Charles ba wajen cire wani baiti daga wata shahararriyar waƙar Charles ɗin, saboda lafazin bai kwanta masa ba ta fuskar aƙida. Da yawa daga cikin waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi da muke riƙewa a hannu, daga wannan rumbu aka fassaro mana su, bayan sun sha awo a hannun masu su.

Muhawarar shekara ta 2013

A shekara ta 2001 wasu mawaƙa biyu, Keith Getty mutumin Ireland ta Arewa da Stuart Townend mutumin Ingila, suka haɗa hannu suka fitar da waƙar da ake kira In Christ Alone, Getty ya yi muryar, Townend ya rubuta baitocin. Baitoci huɗu ne: na fari yana bayyana Almasihu a matsayin madogarar mai bi, na biyu yana ba da labarin zuwansa cikin jiki da mutuwarsa a kan gicciye, na uku kabari da tashi daga matattu, na huɗu kuma tabbacin da mai bi yake da shi a gaban rai da mutuwa. Waƙar ta karɓu ƙwarai a ƙasashe da ɗariku dabam-dabam, har a watan Maris na 2013 aka rera ta a Kantabari wajen naɗin Justin Welby a matsayin babban bishop.

A daidai wannan zamani babbar ɗarikar Presbyterian ta Amurka tana shirya sabon littafin waƙoƙinta, ta ɗora aikin a kan kwamiti na mutum 15 a ƙarƙashin wata malama, Mary Louise Bringle. Kwamitin ya ci karo da waƙar a wani littafin 'yan Baptist da aka buga a 2010, inda aka riga aka sauya layi ɗaya a baiti na biyu. A asalin rubutun, layin yana ɗaukar mutuwar Yesu a matsayin abin da ya biya haƙƙin fushin Allah a kan zunubi; a rubutun da aka sauya kuwa, an ɗauke ambaton fushi an sa girman ƙaunar Allah a gurbinsa. 'Yan kwamitin sun zaci da yardar masu waƙa aka yi sauyin, amma da suka nemi izinin bugawa sai suka tarar ba haka ba ne, Getty da Townend kuma suka ce ba su yarda a taɓa musu layi ba. Aka jefa ƙuri'a a kan ko a ɗauki waƙar yadda take ko a bar ta, mutum 6 suka ce a ɗauka, mutum 9 suka ce a bari, littafin ya fito babu ita. Da surutu ya yi yawa, shugabar kwamitin ta bayyana cewa ba ambaton fushin Allah ne ya dame su ba, gama yana nan a wasu waƙoƙin littafin. Abin da masu rinjaye suka ƙi shi ne a koya wa masu tasowa cewa ainihin manufar gicciye ita ce Allah ya huce fushinsa.

Adalci ya wajabta mu saurari kowane ɓangare da hujjarsa. Masu cirewa suna iya cewa, da fari, babu wata aya da ta faɗi wannan jumla da lafazinta. Na biyu, sa'ad da Sabon Alkawari yake faɗin abin da ya sa aka aiko da Ɗan, ƙauna yake ambata, kamar yadda yake a Yahaya sura ta 3 aya ta 16, da kuma wasiƙa ta biyu ga Korantiyawa sura ta 5, inda aka nuna Allah ne da kansa a cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa. Na uku, suna tsoron kada yaro ya tashi da wani mummunan hoto a zuciyarsa, na Uba mai zafin rai a gefe guda da Ɗa mai tausayi a ɗaya gefen yana kare mutane daga gare shi, wanda kuwa raba Uba da Ɗa ne, ɓarna ce babba ga aƙida. Na huɗu, suna cewa wannan fahimta ta biyan haƙƙi ta yi ƙarfi ne daga littafin da Anselm, babban bishop na Kantabari, ya kammala wajen 1098, alhali Littafi yana da wasu fuskoki na bayyana gicciye, kamar nasara a kan ikokin duhu a Kolosiyawa sura ta 2, da fansa a Markus sura ta 10. Waɗannan hujjoji ba na yarwa ba ne, musamman na ukun.

Masu waƙa su ma da tasu hujjar, ba kuwa ƙarama ba ce. Wasiƙar Romawa tun daga sura ta 1 aya ta 18 ta buɗe bayaninta da fushin Allah a kan rashin tsoronsa da rashin adalcin mutane, ta zo sura ta 3 ta nuna Allah ya miƙa Almasihu hadayar kafara ta wurin jininsa, domin ya tabbata shi mai adalci ne, shi ne kuma mai kuɓutar da mai ba da gaskiya. Annabi Ishaya a sura ta 53 ya siffanta bawan Ubangiji da aka ɗora wa laifin jama'a da horon da ya kawo musu salama. Galatiyawa sura ta 3 ta ce Almasihu ya ɗauki la'anar Shari'a a madadinmu. Ƙoƙon da Yesu ya roƙa a ɗauke masa a Getsamani, duk wanda ya karanta Ishaya sura ta 51 da Irmiya sura ta 25 ya san annabawa ƙoƙon hasalar Allah suke nufi da irin wannan magana. Bugu da ƙari, ita kanta ɗarikar da ta cire waƙar, a cikin littafin aƙidunta akwai Katekizim na Heidelberg na 1563, wanda ya koyar da cewa Almasihu ya ɗauki fushin Allah a kan zunubin 'yan Adam, akwai kuma Shaidar Bangaskiya ta Westminster, wadda ta ce hadayarsa ta biya adalcin Ubansa cikakken biya.

Yanzu ina roƙon mai Littafi a hannu ya buɗe Romawa sura ta 5, ya ɗora yatsa a kan aya ta 8 da ta 9. Aya ta 8 tana cewa mutuwar Almasihu dominmu, tun muna masu zunubi, ita ce shaidar ƙaunar Allah gare mu. Wannan shi ne layin da kwamiti ya so. Aya ta 9, wadda ke manne da ita, tana cewa tun da an kuɓutar da mu ta wurin jininsa, za mu tsira daga fushin ta wurinsa. Wannan shi ne tushen layin masu waƙa. Ashe ɓangarorin nan biyu da suka yi ta ja-in-ja, kowannensu yana tsaye ne a kan ɗaya daga cikin ayoyi biyu maƙwabtan juna, waɗanda manzo ya rubuta a zama guda ba tare da ya ga wani saɓani a tsakaninsu ba. Wasiƙar Yahaya ta fari, sura ta 4 aya ta 10, ta ma haɗa su a aya ɗaya, inda ta bayyana ƙauna da cewa Allah ne ya fara ƙaunarmu ya aiko Ɗansa ya zama hadayar kafara domin zunubanmu. Fushin da Littafi yake nufi kuwa ya sha bamban da zafin zuciya irin namu, mai tashi ba dalili ya kwanta da lallashi. Shi ƙiyayya ce tabbatacciya wadda tsarkin Allah yake yi wa mugunta, kuma duk wanda aka taɓa zalunta ya rasa mai bi masa haƙƙi ya san cewa albishir ne a ce masa zalunci yana fusata Allah.

Hukuncin da na tsaya a kai shi ne, layin da aka yi gardama a kansa ya dace da koyarwar Littafi Mai Tsarki ta hanyar istinbaɗi mai ƙarfi, ko da yake lafazinsa ba nassi ba ne. Kuma in an karanta baitin duka, za a ga tun kafin a kai ga layin an riga an ambaci zuwan Almasihu a matsayin kyauta mai haɗe da ƙauna da adalci, baiti na uku kuma ya ɗauki fuskar nasara, don haka mummunan hoton da ake tsoro ba daga waƙar zai fito ba sai an yanke layin an tsayar da shi shi kaɗai. Layin da aka so a musanya da shi shi ma gaskiya ne, amma an kawo shi ne domin a kauce wa wata gaskiyar, nan kuwa aibinsa yake. Duk da haka kwamitin nan ya cancanci yabo a kan hanyar da ya bi, gama ya karanta waƙa layi-layi, ya nemi izini kafin ya taɓa kayan mutane, da aka hana shi kuma bai yi sata ba, ya bar waƙar ga masu ita. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, su ma masu ita suna da haƙƙin su ƙi a sa musu abin da ba su faɗa ba. Faston da jama'arsa ke rera wannan waƙa kuwa, wajibi ne a kansa ya koya musu cewa Uba ne ya aiko Ɗan saboda ƙauna, Ɗan kuma da yardar kansa ya ba da ransa, kamar yadda Yahaya sura ta 10 ta nuna.

Darajojin magana a cikin waƙa

Daga wannan shari'a za mu iya rarrabe maganar da ke cikin kowace waƙa zuwa darajoji biyar, kowace da irin awon da ya dace da ita.

Ta fari ita ce nassi sarai, watau ayar da aka ɗauko aka sa mata murya. Mutum zai zaci wannan ba ta bukatar bincike, amma a tuna cewa sa'ad da Iblis ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya faɗo, a Matiyu sura ta 4, Zabura ta 91 ya jawo masa, wadda ita kanta waƙa ce, kalmominta kuma duk na Littafi ne. Abin da ya yi shi ne ya fizge alkawarin kariya daga mahallinsa ya mai da shi izinin gwada Allah. Don haka ko aya ce, sai an tambaya wa aka faɗa wa, a wane hali, da wane sharaɗi.

Ta biyu ita ce istinbaɗi, abin da ba a faɗa da lafazi ba amma nassosi da yawa suka taru suka nuna shi, kamar misalin da muka gama dubawa, ko kamar waƙoƙin da ke yabon Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. A nan ana neman ayoyin da aka gina maganar a kansu, a ga ko za su iya ɗaukarta.

Ta uku ita ce majazi, adon magana. Zabura ta kira Allah dutse, ta kira shi makiyayi, ta ba shi fikafikai, ta sa koguna su yi tafi. Wanda ya tsaya yana tuhumar mawaƙi a kan irin wannan bai san waƙa ba. Abin dubawa kawai shi ne ko siffar da aka yi wa Allah ta yi daidai da halinsa yadda Littafi ya bayyana shi, ko kuwa ta rage masa girma.

Ta huɗu ita ce ƙarin al'ada. Akwai wata waƙar Kirsimeti da John Henry Hopkins ya tsara a Amurka a 1857, wadda ta mai da baƙin da suka zo daga gabas sarakuna uku, alhali Matiyu sura ta 2 masana taurari ta ce, ba ta faɗi adadinsu ba, kyautai ne uku, zinariya da lubban da mur. Irin wannan ba ya rushe bangaskiyar kowa, amma ya kamata malamin makarantar Lahadi ya raba wa yara abin da Littafi ya faɗa da abin da mutane suka ƙara.

Ta biyar ita ce saɓani da aƙida, wadda ba ta da magani sai gyara ko ajiyewa. Waƙar da ke yi wa mai bi alkawarin cewa ba zai taɓa ciwo ko talauci ba, me za ta ce da ƙayar da Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ba a cire ba, ko da Tarofimas da ya bari a Militas ba shi da lafiya? Waƙar da ke sa jama'a su yi rawa suna roƙon mutuwar maƙiyansu, ta yaya za ta zauna tare da umarnin Yesu a Matiyu sura ta 5 cewa a ƙaunaci maƙiya a yi musu addu'a? In an ce ai akwai Zabura masu roƙon sakayya, sai mu ce gaskiya ne, amma masu su kuka suke kai wa Alƙali suna barin hukunci a hannunsa, mu kuma muna karanta su ne bayan mun ji addu'ar da Ubangijinmu ya yi wa masu gicciye shi.

Bayan waɗannan duka akwai wani awon da ba a yi wa waƙa ɗaya, sai dai a yi wa jimlar abin da ikkilisiya take rerawa a shekara. Zuma halal ce, tana da daɗi, amma gidan da ba a ba yara kome sai zuma, yaran ba za su yi ƙwari ba. Kowace waƙa a majami'a tana iya zama daidai, amma in dukansu na nasara da murna ne, babu ta tuba, babu ta tsarkin Allah, babu ta makoki, an koya wa jama'a rabin gaskiya. Kaso mai yawa na Zabura kuka ne, har Zabura ta 88 ta ƙare ba tare da an share wa mai ita hawaye ba, Ruhu Mai Tsarki kuwa ya ga ya dace ta zauna a littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Ikkilisiyoyinmu da suka binne 'yan'uwa da yawa a shekarun tashin hankali suna bukatar waƙoƙin da gwauruwa da maraya za su iya rerawa ba tare da sun yi ƙarya ba.

Abin da ya rage gare mu

Shawarata ta fari ga shugabannin mawaƙa ita ce, kada sabuwar waƙa ta hau gaban jama'a sai an rubuta ta a takarda an karanta ta a fili babu ganga babu jita, an kuma rubuta a gefen kowane baiti ayar da yake dogara a kanta. Baitin da aka rasa masa aya ba lalle ne ya zama kuskure ba, amma shi ne za a zauna a kansa. Ta biyu, wannan zama kada ya zama na fasto shi kaɗai, a sa shugaban mawaƙa da wata dattijuwa daga Zumuntar Mata, gama su suka san yadda jama'a za su ji maganar. Ta uku, waƙar da aka fassaro daga wani harshe a gwada ta da asalinta, domin sau da yawa neman a cika murya yana sa a zubar da rabin ma'ana. Wadda kuma ake rerawa da harshen da tsofaffi ba sa ji, a bayyana musu ita, in ba haka ba ta yaya za su ce Amin, kamar yadda Bulus ya tambayi Korantiyawa? Ta huɗu, in an ga abin gyara a waƙar wani ɗan'uwa da ke raye, a same shi a keɓe da ladabi, Littafi a buɗe, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kada kuma a sauya masa baiti a bayan idonsa.

Ta ƙarshe tana kan makarantunmu. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller da abokan aikinsa suka sha wahalarsa, muna kuma da matasa da mata masu baiwar tsara waƙa da muryoyin gida waɗanda jama'a ke kamawa nan take. Ya kamata makarantun Littafi Mai Tsarki su buɗe musu ƙofa ko da na ɗan gajeren karatu ne, su zauna da su a kan Romawa da Ishaya da Zabura, domin mawaƙin da ya san Littafi tun kafin ya fara tsara baiti ya rage wa dattawa aikin gyara.

Ubangiji ya ba mu hikima da tawali'u a cikin wannan hidima.